Shekarar da Masu Ciwon Mara Suka Daina Zuwa

Aikin farko da aka ba ni a ɗakin jinyar ɗalibai dafa ruwa ne. Na zo da takardar shaidar nas sabuwa fil, da farin takalmi, ina jiran a ce ga mara lafiya. Sai Mama Sista, wadda ke riƙe da ɗakin tun ina firamare, ta nuna min butar lantarki da jakunkunan ruwan zafi guda shida a rataye jikin ƙusa. Ta ce, "Cika min huɗu. Kar ruwan ya tafasa, kar ki cika su taf, ki matse iskar kafin ki rufe."

Na yi. Ta ɗauki ɗaya ta kifa ta, ruwa ya ɗiga a ƙasa. Ta ce, "Wannan a kan marar 'yar mutane za ki ɗora? Sake."

Abin da ya sa nake ba ku wannan labarin, na ga abin da kuka yi ta rubutawa jiya a guruf ɗinmu na ma'aikatan jinya da aka ce an tura ɗaya daga cikinku ɗakin jinyar ɗalibai. Wata ta ce ta huta. Wata ta ce aikin raba farasitamol ne da danna waya. Shekarata tara a irin ɗakin nan, a wata makarantar koyon aikin nas da ungozoma, kullum daga Yalwawa nake hawa adaidaita in tafi. To ku ji yadda yake.

Yawancin masu shigowa ba zazzaɓi ke kawo su ba, ciwon mara ne. Yarinya ta shigo a duƙe, hijabi a karkace, hannu ɗaya ƙasan cibiya ɗaya a ƙugu. Wata da amai, wata da gudawa, wata gumi ya jiƙa ta amma tana cewa sanyi take ji. Wahalar kuma, majinyatan naki duk 'yan gida ne. Matar da ta zo asibiti daga unguwa cewa za ta yi mararta ke ciwo, ta yi shiru. Ɗalibar nas kuwa da sunan ciwon take shigowa, da sunan maganin, da yawan da za a ba ta. "Anti, dikilo kawai za ki yi min, ta allura, ina da aiki a wod." Jiya ta karanta babin, yau ta zama likita.

Mama Sista ba ta musu da su. Tambayarta ta farko ɗaya ce kullum.

"Kin karya?"

"Mama, ciwo fa nake ji."

"Na ji. Kin karya?"

"Na sha shayi."

"Shayi da me?"

"Shayi dai."

"Sannu da ƙoƙari. Zauna."

Akwai filas ɗin kunu a ƙarƙashin teburinta da gwangwanin biskit. Sai yarinya ta sa wani abu a ciki sannan ƙwayar magani ta biyo baya. Ta ce min irin wannan maganin in kika zuba shi a cikin da ba komai, kin kori ciwon mara kin gayyato olsa. Allura kuwa sai wadda amai ya hana ta riƙe komai, ita ma a kwance, ba a tsaye ba.

Kayan aikin namu ba su da yawa. Gado uku, jakunkunan nan, abin awon zafin jiki, abin awon jini, bokitin amai, kalanda a bango, sai babban littafin rajista. Littafin shi ne aikin. Makaranta ta tsara shi da gurbin suna da aji da ciwo da magani. Mama Sista ta sa rula da biro ta ƙara nata layukan a gefe, kuma cika waɗannan layukan ne ya ɗauke ni kusan shekara kafin in iya.

Ranar da na fara gwadawa, wata 'yar aji ɗaya ce a kwance, ƙawarta da ta rako ta na tsaye a kanta. Na ce, "Shekararki nawa kika fara al'ada?" Ta kalli ƙawar, ta kalli silin, ta ce sha biyar. Mama Sista ta aiki ƙawar ta sayo mata katin waya, ta ja kujera ta zauna, ta yi maganar wani abu daban tukuna, sannan ta ce, "Kina aji nawa lokacin?" Yarinyar ta ce firamare shida, kuma ko yayarta ba ta sani ba sai daga baya. Daga ranar na daina tambaya a gaban 'yar rakiya.

Tambayar uwa ma haka. In kika ce mamanki tana yin wannan ciwon, amsar da za ki samu ita ce, "Haba Anti, ta yaya zan tambayi Umma wannan?" Sai ki bi ta gefe. Yayyenki mata fa? Ƙanwar mamanki? Kin taɓa ganin ana dafa wa wata kanwa ko jiƙo duk wata a gidanku? Nan za ta ce ai Anti wance har suma take yi. Yawan jini kuma ba a tambayarsa da "yana da yawa?" Kowa cewa take daidai. Sai ki ce sau nawa kike canza auduga daga asuba zuwa magariba, kwana nawa kike fashin salla, akwai guda-guda?

Ni ba bincike na yi ba, abin da idona ya gani a littafin nan ne shekara da shekaru. Sunayen da ke maimaituwa duk wata, in kin bi layin gefe, za ki tarar da yawansu sun fara da wuri, ko jinin na daɗewa yana zuba da yawa, ko akwai mai irinsa a gidansu. 'Yan aji ɗaya da ba su kai ashirin ba sun fi matan auren da suka haihu zuwa nesa ba kusa ba. Sai siraran nan da ke rayuwa a kan taliyar leda da kofi, su kwana karatu, su fita ba karin kumallo. Satin jarrabawa kuwa gado uku ba ya isa, tabarma muke shimfiɗawa. Ki ƙara da tsayuwar wod tun safe har azahar cikin farin yunifom, yarinya na aiki tana waiwayen bayanta.

Wasu abubuwan ba ki da yadda za ki yi da su. Ba za ki canza wa mutum uwa ba, ba za ki mayar da ita firamare ba. Amma karyawa da barci da lokacin shan magani suna hannunki. Duk wadda sunanta ya fito sau uku, sai mu zaunar da ita gaban kalanda mu lissafa kwanakinta, mu ce ranar da kika ji alamar farko ki ci abinci ki sha, kar ki jira sai ya kayar da ke. Wadda kuma ciwon ya zo mata sabo bayan shekaru tana lafiya, ko yake zuwa ba lokacinsa ba, ko da zazzaɓi, ko matar aure da wata ya wuce mata, wannan ba tamu ba ce. Takarda za ki rubuta ta tafi gun likita a ranar, ko tana rantsuwa ta san abin da ke damunta.

A shekarata ta shida abu biyu suka canza lokaci ɗaya. Asibitin da ɗalibai ke zuwa koyon aiki aka canza zuwa wani mai nisa, don haka motar makaranta ta koma tashi shida da kwata, kafin kicin ya sauke tukunya. Sannan aka kawo doka: duk takardar hutu da muka rubuta za ta wuce ofis a lissafa ta cikin fashi, wadda fashinta ya haura kwana goma ba za ta zauna jarrabawar ƙarshe da 'yan ajinta ba. Dokar ba don mugunta aka yi ta ba. Akwai masu karɓar takardarmu ranar Alhamis a gan su a hoton biki ranar Asabar, kowa ya sani.

Cikin wata biyu ɗakin ya zama wayam. Sai mai mura, sai wadda ta yanke da wuƙa. Jakunkunan ruwan zafi suna rataye har robar ta fara mannewa. Ni dai na samu sarari, na gyara kabad, na jera magunguna. Wata rana na ce, "Mama, 'yan matan nan fa sun warke."

Ta ce, "Ko? Wace addu'a aka yi musu, mu ma a ba mu?"

Ta je ofis sau biyu ta yi magana, aka ce za a duba.

Cikin waɗanda suka ɗauke ƙafa akwai Sa'adatu, 'yar ajin ƙarshe a ɓangaren ungozoma. Daga wani ƙauye take kusa da Taura, mahaifinta mai shanu ne. Shekara biyu ba watan da ba ta kwanta a gadonmu ba, kuma nata yana cikin masu tsanani: ta fara da wuri, kwana takwas yake mata, innarta ma haka ta yi fama kafin haihuwa. Ba ta kuka. Gefen hijabi take cizawa, in kin tambaye ta ta ce da sauƙi. Na taɓa haɗuwa da ita a bakin famfo a lokacin, na ce, "Sa'adatu, kin guje mu." Ta ce, "Da sauƙi ne yanzu, Anti." Na yarda, na wuce.

Wata Litinin da sassafe, ina buɗe ƙofa, ɗalibai biyu suka shigo da ita a rirriƙe. Suka ajiye ta a gado suka ruga don kar mota ta bar su. Abin da na fara lura da shi silifas ɗinta ne na hagu, ya ƙi zama a ƙafar. Tafin ya saki, yana lilo. Mama Sista ta shigo, ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "Ɗaga min babban yatsanki." Bai motsa ba. Ta ja murfin biro a bayan ƙafar. "Kin ji?" Ta ce a'a. "Juya."

Ga ɗigon allura nan ja a mazauninta na hagu, can ƙasa, kusa da tsakiya. Ku da kuka yi makaranta kun san abin da aka koya mana: a raba wurin gida huɗu, a soka a na sama ta waje, saboda babbar jijiyar da ke sauka har tafin ƙafa ta ƙasa take bi. Wannan allurar a kan hanyarta aka yi ta.

"Me aka yi miki?"

"Dikilo, Mama."

"Da aka soka me kika ji?"

"Kamar lantarki, har yatsu."

"Wa ya yi miki?"

"Ni na yi wa kaina."

"Da wane hannu?"

"Dama."

"Nuna min."

Ta miƙa hannun baya. Bai kai ba, ko kusa. Mama Sista ta zauna ta rubuta takardar tura ta babban asibiti, ta ce in nemo adaidaita.

Dokar makaranta a kan wannan a fili take, kuma tsohuwa ce: ɗalibar da ta yi allura ba malami a kanta, ko wa ta yi wa, ko da kanta ne, kora ce. In Sa'adatu ta faɗi wadda ta soka, waccan za a kora, ita a yi mata gargaɗi. In ta tsaya a kan ita ta yi, ita za ta tafi. Saura wata uku jarrabawar ƙarshe.

Mahaifinta ya zo kwana biyu bayan nan, dogon dattijo, ya zauna a bencinmu ya ajiye sandarsa a ƙasa. Ya ce, "Hajiya, ƙafar za ta dawo?"

Mama Sista ta ce, "Baffa, jijiya a hankali take warkewa. Za a yi ta gashi. Wata ta dawo duka, wata ta dawo rabi."

"Karatun fa?"

Ta yi masa bayanin dokar, ba ta rage komai ba. Ya juya ya yi wa 'yarsa magana da Fillanci, 'yar gajeriya. Ta amsa da kalma ɗaya, kanta a ƙasa. Ya ɗauki sandarsa ya ce, "Ta ce ita ta yi. To ita ta yi."

Ni na rubuta bayanin farko, don haka ni kwamitin ladabtarwa ya kira. Mutum biyar a teburi, shugabar makaranta a tsakiya, Sa'adatu a gefe da sandar asibiti. Shugaba ta ce, "Sista, mutum zai iya yi wa kansa allura a wurin nan?"

Na ce, "A'a, ranki ya daɗe."

"To wa ya yi?"

"Ban sani ba."

Gaskiya ce, ban sani ba. Aka juya kan Sa'adatu. Aka lallashe ta, aka tsorata ta, wani malami ya ce ta tuna wahalar da mahaifinta ya sha. Ta ce, "Ni na yi, Malam." Sau huɗu ana tambaya, amsar ba ta ƙaru da kalma ɗaya ba.

Ana shirin rufe zama Mama Sista ta nemi izini ta shigo. Tana ɗauke da littafi biyu da wata jarkar man gyaɗa. Jarkar daga hannun Iya mai sharar hostal ta fito. Ashe wata da watanni Iya na tsintar sirinji a kwandunan shara na ɗakunan kwana, tana tarawa a jarka don kar ta zuba a bola wani ya taka. Ba wanda ya tambaye ta, ita ma ba ta san wa za ta gaya wa ba, sai da ta ji labarin ƙafar. A gun Iya muka ji yadda abin yake: da asuba, kafin mota, wadda ciwo ya kama ta jingina da gado a tsaye, ta ɗaga siket, wata ta soka mata, su fita da gudu. Maganin a kemis suke saye, ba mai tambayar mai farin yunifom.

Mama Sista ta buɗe littafin farko. "Wannan na bara ne, ya cika har na ƙara takarda." Ta buɗe na biyu, ta karkaɗa fararen shafukan. "Wannan na bana." Ta ɗora jarkar a teburi, ta cika har wuya. "Sauran sunayen suna nan ciki."

Malamin nan ya ce, "Hajiya, doka fa doka ce."

Ta ce, "Haka ne, Malam. Ita ta cika jarkar."

Aka ce mu fita. Sati ɗaya ba mu ji komai ba.

Ba a kore ta ba. An ɗage mata shekara guda, ba za ta zauna da 'yan ajinta ba, kuma aka sa gargaɗi a fayil ɗinta. Takardar ciwon mara aka ce ta daina zuwa ofis, ta tsaya a wurinmu, ranar da yarinya ta rasa ta rama ta ranar Asabar. Lokacin tashin mota bai canza ba, amma kicin ya fara ba da ƙosai da burodi a leda a bakin mota. Aka tara duk ɗalibai aka yi musu faɗa na awa biyu. Wata bai cika ba muka koma shimfiɗa tabarma, aka sayo sabbin jakunkuna. Shekarar da ta biyo Mama Sista ta yi ritaya, makullin ya dawo hannuna.

To ke da aka tura, ga abin da zan ce miki. Ki san sunayen da ke zuwa duk wata. In ɗaya ta ɓace wata biyu, kar ki jira ta, ki je hostal da rana ki same ta. In ta ce da sauƙi, ki tambaye ta me take sha, wa ke ba ta, ta wace hanya. Ki riƙa gaisawa da mai shara, ta fi ki sanin abin da ke faruwa a ɗakunan nan.

Sa'adatu ta dawo bayan wata tara ana gashi, da wani takalmin roba da ake sawa cikin takalmi ya riƙe tafin. Yatsun sun dawo, amma in ta gaji ƙafar na ɗan ja. Ta zauna aji ɗaya da ƙannenta, 'yan ajinta na turo hotunan wurin aiki. Duk wata tana zuwa tun alamar farko, da burodinta a hannu. Ta zauna jarrabawa, ta tsaya a kan ƙafar nan har aka gama ta aikin hannu, ta ci.

Duk mai barin makaranta sai mun sa hannu a takardar sallamarta. Ranar da ta kawo tata, ba kowa a ɗakin. Na sa hannu, na buga hatimi, na miƙa mata, sai da ta sa a jaka sannan na ce, "Sa'adatu, yanzu ba kwamiti, ba fayil. Wa ya yi miki?"



"Anti, 'yar aji ɗaya ce. A kan lemo kawai ta taɓa yi. Ta ce min ba ta iya ba, har ta ajiye sirinjin. Ni na ce ta ɗauka. Ni na kamo hannunta ta baya na ɗora a wurin, na ce ta soka."

Na ce, "Tana nan har yanzu?"

Ta ce, "Tana nan. Ta iya allura sosai yanzu." Ta gyara jakarta a kafaɗa. "Sai an jima, Anti. Motar Taura ba ta jira."